Zare a hannu, sabon suna a baki: Yadda dambe ke sauya rayuwar matasan ƙasar Haɗeja

Idan aka gama girbin gero aka zuba a rumbu, aka kaɗe riɗi, motoci suka kwashe kankanar ƙarshe, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun samari a Birniwa da ƙauyukanta: bana ina za ka ci rani?

Amsoshin sanannu ne. Mai gona a fadama zai gangara noman shinkafa ko alkama ko kayan miya. Ɗan masunta zai koma ruwa. Saura kuwa sai su ɗaure ’yan kayansu su nufi Kano ko Abuja ko Legas ko Fatakwal, su yi dako ko ga-ruwa ko acaɓa har zuwa faɗuwar ruwan farko.

A cikin masu tafiyar akan sami ɗaiɗaiku da ba su da jari sai ƙarfin damtse. Su ne masu nufar gidajen dambe.

Ɗan dako yakan dawo gida da ’yan kuɗi da sabuwar riga, da sunansa na yanka. Ɗan dambe kuwa, idan ya daɗe a harkar, da wani suna daban yake dawowa, da ubangida, da ɓangaren da yake karewa, da tabon da zai bi shi har tsufa. Wani dambe ya gyara shi, wani kuma ya bar shi da nakasa. Sau da yawa abin da ke raba su shi ne hannun da kowannensu ya faɗa tun ranar farko.

Ƙasar da ta saba da labarin mazaje

Birniwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja. Sauran su ne Haɗeja da Auyo da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da Malam Madori. Tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, tana maƙwabtaka da Jihar Yobe, a kan tsohon layin dogon da ya taso daga Kano ya isa Nguru a 1930. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 140,000, Hausawa da Mangawa da Fulani.

Yaron da ya tashi a wannan ƙasa, da labarin jarumta ya tashi. Ya ji labarin Sarki Buhari, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19. Ya ji labarin watan Afrilun 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya zaɓi ya tsaya ya yaƙi Turawan mulkin mallaka, aka kashe shi tare da ɗimbin jama’arsa, har ake kiran sa Mai Shahada.

Kafin ya mallaki hankalinsa kuma ya riga ya gwada ƙarfinsa. A dandali, cikin farin wata, yara kan yi langa su yi kokawa a kan rairayi. A nan yaro ke fara sanin wanda ya fi shi da wanda ya fi, a nan kuma manya ke fara nuna wani da baki suna cewa wannan zai yi ƙarfi.

Sai dai ƙarfin yana neman inda za a zuba shi. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda Kogin Haɗeja ke cika yana janyewa ya sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wata shekarar ruwa ya yi kaɗan, wata kuma ya zo da ambaliya irin ta 2022 ya shafe amfanin gona. Saurayin da ke kan tudu, wanda nomansa bai wuce wata huɗu ba a shekara, yana da sauran watanni masu yawa da ƙarfi a jika ba aikin yi. Wannan giɓin ne dambe ke shiga.

Wasan ’ya’yan mahauta

A tarihance dambe wasan mahauta ne. Da kaka, lokacin da manoma ke da abin hannu kuma ake ta bukukuwa, mahauta kan bi gari gari suna yanka dabbobi suna sayar da nama, samarinsu kuma suna karawa da samarin garin da suka sauka. Shi ya sa har gobe kalangu, kiɗan mahauta, ba ya rabuwa da fagen dambe.

Yau ƙofa a buɗe take. Ɗan manomi da ɗan masunci da makaniki da ɗan acaɓa duk suna sa zare. Amma ƙa’idojin asali suna nan.

Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, a bi da zare a ɗaure tam. Shi ne makaminsa na kai hari. Ɗaya hannun yana buɗe, a miƙe gaba, shi ne garkuwarsa: da shi yake auna tazara, yake tare naushi, yake ture abokin karawa. Ana kuma yin shuri da ƙafa.

Yawanci turmi uku ake yi. Duk wanda ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, wasa ya ƙare. Idan turmi uku suka wuce ba wanda ya kai wani ƙasa, sai a raba su a ce babu kisa.

Kalmar kisa tana da nauyi a kunne, amma a fage ma’anarta ita ce an tsaya. Wanda ya faɗi ba a bin sa da duka. Wannan ƙa’ida guda ita ce ta raba dambe da faɗan unguwa, kuma ita ce darasin farko da mai koyo yake haɗiyewa.

Ranar da aka raɗa maka sabon suna

Duk mai bin labarin damben gargajiya ya san yadda sunayen ’yan wasa suke: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Dogon wane, Garkuwan wane. Ali Ƙanin Bello, Autan Sikido, Garkuwan Cindo, Bahagon ’Yansanda. Kaɗan ne daga cikin masu kallo suka san sunayen da iyayensu suka raɗa musu.

Abin lura shi ne yawancin sunayen jingina ne. Rabin farko yana faɗin siffar mutum ko matsayinsa, dogo ne ko bahago ne ko ƙaramin gida ne. Rabi na biyu yana faɗin na wane ne. Wato kafin ɗan dambe ya kai naushi ko guda, mai sanarwa ya riga ya gaya wa jama’a wanda ya rene shi. Idan ya yi abin kirki, ubangidansa aka yaba. Idan ya yi abin kunya, sunan ubangidan ne ya zube.

Bayan ubangida kuma akwai ɓangare. A manyan gidajen dambe ’yan wasa sun kasu Kudu da Arewa da Guramada da Jamus. Mutum ba ya karawa don kansa kaɗai. Idan Ebola ya yi kisa, Kudawa ne suka yi murna gaba ɗaya. Idan Garkuwan Cindo ya buge wani, Guramada ce ta yi baki.

A yi tunanin abin da wannan ke nufi ga saurayin da ya sauka a tashar mota a Abuja bai san kowa ba. Jiya shi ɗan ci-rani ne kawai, ɗaya cikin dubbai, ba mai tambayar sunansa. Yau yana da gidan kwana, da wanda zai tsawata masa, da ’yan uwan da za su tashi tsaye idan ya shiga fage. Ga wanda ya bar gida yana ɗan shekara 17 ko 18, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma makaɗa. Ɗan damben da makaɗi ya ambata ya shiga tarihi. Shekaru da yawa bayan sun ajiye zare, har yau ana ambaton Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware. Waƙar da marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago ta sa waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da yake tashe sun san shi. Yaron da ke atisaye a bayan gari yana jin wannan waƙa a wayarsa, irin sunan da yake mafarki ke nan.

Abin da horo ke dasawa

Masu kallo minti kaɗan suke gani. Abin da ke sauya mutum kuwa a bayan fage yake faruwa.

Sabon shiga ba ya fara da karawa. Jakar manya zai ɗauka, ya kawo ruwa, ya riƙe zare ana naɗa wa wani, ya zauna ya yi ta kallo. Wanda ya zo da girman kai a nan yake fara zubar da shi, ko kuma ya koma inda ya fito.

Daga nan sai gudu da sassafe, da ɗaga nauyi, da dukan buhun yashi, da maimaita tsayuwa guda har ƙafa ta saba. Mai yin wannan ba zai iya raba dare a majalisa ba. Ba wanda ya kafa masa doka, jikinsa ne zai tona masa asiri a turmi na biyu.

Akwai kuma haƙuri. Wanda ya kalli dambe da kyau ya san yawancin lokacin ba naushi ake kaiwa ba. Tsayawa ake, ana auna juna, kowa yana jiran ɗan’uwansa ya buɗe ƙofa. Mai saurin fushi shi ake fara bugewa, domin fushi ne ke sa mutum ya saki garkuwarsa. Saurayin da ya sha ƙasa sau biyu ko uku saboda zuciya, ba ya bukatar wani ya yi masa wa’azi a kan illar fushi.

Darasi mafi tsada shi ne faɗuwa. Babu ɗan damben da ba a taɓa bugewa ba, gaba da gabanta. A buge ka a gaban ɗaruruwan mutane, makaɗa suna kiɗan wanda ya buge ka, yanzu ma har a ɗauka a waya a watsa wa duniya. Ka tashi ka kaɗe ƙura, gobe ka sake fitowa. Wanda ya saba da wannan, ranar da kasuwa ta juya masa baya ko ambaliya ta cinye gonarsa, ba sabon abu ba ne a wurinsa ya fara daga tushe.

Shi ya sa za ka ga ƙwararren ɗan dambe ba ya cika shiga rigimar titi. Ya riga ya san abin da hannunsa zai iya, ba shi da abin da zai nuna wa kowa a tashar mota.

Darasi daga maƙwabta

Daga ƙasar Haɗeja zuwa iyakar Nijar ba nisa, kuma can an nuna abin da wasan ƙarfi zai iya zama idan hukuma ta sa hannu.

Tun 1975 Nijar take shirya gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe ta farko. Jihohin ƙasar takwas kowacce takan kawo ’yan kokawa goma, a fafata, wanda ya yi nasara a miƙa masa takobi da kuɗi da kyaututtuka. Gari yakan yi tsit a lokacin gasar, kowa na manne da rediyo ko talabijin. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ɗan jihar Doso, ya ɗauki takobin sau da dama, kuma da wuya a sami yaro a Nijar da bai san sunansa ba.

Abin koyi a nan shi ne tsani. Yaron ƙauye a Damagaram ko Difa ya san matakan da zai taka: daga dandalin garinsu zuwa tawagar jiha, daga nan zuwa takobi. Ya san inda hanyar ta nufa.

Nijar ɗin ce kuma ta fitar da Abdul Razak Isufu Alfaga, ɗan wasan tekwando da ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta birnin Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi, lambar Olamfik guda ce tal ƙasar take da ita, ta tagulla da Isaka Dabore ya samo a damben zamani a 1972.

Yadda abin yake a sauran duniya

Labarin matashin da horon faɗa ya sauya wa alƙibla ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne.

A 1954 aka sace keken wani yaro ɗan shekara 12 a birnin Luwibil na Amurka. Ya je wurin wani ɗan sanda yana cika baki zai lakaɗa wa ɓarawon duka. Ɗan sandan, wanda ke koyar da dambe, ya ba shi shawarar ya fara koyon yadda ake yi tukuna. Bayan shekara goma yaron ya zama zakaran duniya, ya ajiye sunan Cassius Clay ya koma Muhammad Ali. A shekarar ce ma, 1964, ya ziyarci Najeriya.

Israel Adesanya a Legas aka haife shi a 1989. Iyayensa suka koma ƙasar Niyu Zilan da shi yana yaro, inda ya sha cin zali a makaranta. Sai da ya kai shekara 18 ya fara horo gadan-gadan. A 2019 ya zama zakaran ajinsa a gasar UFC.

Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Jihar Edo, a makarantar sakandare a jihar Tekzas ya fara kokawa. Mai horar da shi ya kasa faɗin Kamarudeen, sai ya riƙa kiran sa Marty. Da ya yi suna ya koma sunansa na gida, ya kuma riƙa shiga fage da tutar Najeriya. Shi ma a 2019 ya ci kambinsa.

Wanda labarinsa ya fi kusa da na ɗan ci-rani shi ne Francis Ngannou na Kamaru. Tun yana yaro yake aikin haƙar yashi. An san mahaifinsa da faɗan titi, shi kuwa ya sha bayyana cewa ƙin gadon wannan suna ne ya tura shi ga dambe mai ƙa’ida. Ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko, ya tsallaka Sifen aka tsare shi, ya kwana a titunan Faris, kafin ya zama zakaran masu nauyi na UFC a 2021.

Amma kada labarin Ngannou ya ruɗi kowa. Hanyar hamadar da ya bi ta cinye matasa masu yawa da ba wanda ya ji sunansu. Abin da ya haɗa waɗannan mutane huɗu shi ne kowannensu ya gamu da mai horarwa da wurin horo mai tsari a daidai lokacin da rayuwarsa za ta iya karkata ko’ina.

Ɗaya fuskar

Duk wanda ya ce dambe alheri ne zalla bai faɗi gaskiya ba.

Na farko shi ne kai. Hannun da aka naɗe da zare ya fi safar damben zamani tauri, kuma fuska da kai ake nema. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yawan bugun kai yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali: mantuwa, nauyin harshe, rawar hannu, saurin fushi. A damben zamani, wanda aka sumar ana dakatar da shi aƙalla wata guda. A gidajen dambe da yawa kuwa, wanda aka buge yau yana iya sake sa zare cikin ’yan kwanaki, domin in bai fito ba ba zai ci abinci ba. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne mafi haɗari.

Duk wanda ya sha naushi a kai sannan ya fara amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko ruɗewa, ko barcin da ba a iya tashinsa da sauƙi, asibiti za a kai shi nan take, ba jiƙo za a ba shi ba.

Na biyu shi ne shaye-shaye. Akwai masu neman ƙarfin zuciya a wiwi da ƙwayoyi irin su taramol. Ƙwayar tana ɓoye zafi, ba ta hana rauni, sai mutum ya ci gaba da karɓar dukan da ya kamata ya tsayar da shi. Ƙarshenta zaren ya tafi, jarabar ta zauna.

Na uku shi ne tsaga. Wasu kan tsattsaga hannu da reza a shafa magani. Reza guda a jikin mutum biyu hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Akwai kuma batun layu da guraye da asiri, wanda ya sa malamai da iyaye da dama ke ƙyamar harkar, haɗe da hanin da ya zo a addini game da dukan fuska. Wannan ne ya sa wasu iyayen da za su bar ɗansu ya yi kokawa ba za su lamunci dambe ba.

Sannan ga ’yan siyasa. Saurayi mai ƙarfi, mai suna, mai yara a bayansa, shi ake nema lokacin zaɓe. Wanda ubangidansa ba shi da tsawatarwa, cikin sauƙi yake tashi daga ɗan wasa ya koma ɗan banga.

Waya ta shigo fage

A da, sunan ɗan dambe yana tafiya ne a bakin makaɗa da kaset. Yanzu a waya yake tafiya. Karawar da aka yi da yamma a filin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, ko gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko na Idris Bambarewa a Marabar Nyanya, kafin a yi sallar isha an kalle ta a Birniwa.

A 2017 wasu matasa biyu, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, wadda ta kai wasan gaban miliyoyin masu kallo a ƙasashen waje. A 2019 kuma Maxwell Kalu ya kafa kamfanin African Warriors Fighting Championship, mai shirya gasanni da ’yan wasa ke karɓar lada bisa yarjejeniya. Irin waɗannan gasanni sun zo da auna nauyi kafin a haɗa mutum biyu, da ƙayyade lokacin turmi, da ajiye ma’aikatan lafiya a gefen fage. Dambe yana kuma cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa.

Wannan ci gaba ne, amma yana da tarko. Yaron da ke kallon bidiyon minti ɗaya yana ganin kisa da liƙin kuɗi da mukullin mota. Ba ya ganin ɗaruruwan da ke kwana a kan tabarma a bayan gidan dambe, waɗanda abin da suke samu bai wuce na abinci da sabulu ba. Waɗanda suka ci mota ko babur ’yan ƙalilan ne, kuma kowannensu ya shafe shekaru yana shan duka kafin ranar ta zo.

Bayan an kwance zare

Tashen ɗan dambe gajere ne. Ƙarfi yana da wa’adi, kullum kuma akwai sabon yaro da ke neman suna a kan tsohon zakara. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: me zai rage idan aka kwance zaren ƙarshe?

Wasu sukan zauna cikin harkar. Ali Zuma ya yi zamaninsa a fage, yau gidan dambensa na cikin waɗanda aka fi sani a ƙasar nan. Wasu sukan zama alƙalan wasa ko iyayen gidan sababbin yara. Mafi yawa kuwa gida suke komawa, ga fawa ko noma ko kiwo ko tuƙi. A nan ake gane wanda ya yi dabara. Wanda ya mayar da kuɗin liƙi tumaki da gona da jari, ya dawo da mutuncinsa. Wanda ya cinye a majalisa, ya dawo da suna kawai, suna kuwa ba ya cika tukunya.

Tsarin mahauta na asali yana da hikimar da ake neman mantawa. Ɗan damben da yana da sana’arsa. Dambe na kaka ne, fawa ta kullum ce. Matsala ta fara ne ranar da wasa ya zama shi ne kaɗai abincin mutum.

Uban da ɗansa ya zo masa da maganar dambe, tsawa kaɗai ba ta cika hana shi ba, sai dai ta sa ya tafi a ɓoye. Gara a zauna da shi a yi masa tambayoyi. Wane ne zai zama ubangidanka, me mutane ke faɗa a kan halinsa? Yaransa suna shaye-shaye? Idan aka ji maka rauni, wa zai kai ka asibiti, wa zai biya? Idan aka sumar da kai, kwana nawa za a bar ka ka huta? Wace sana’a ko wane karatu za ka riƙe a gefe? Yaron da ba shi da amsar waɗannan bai shirya ba tukuna.

Hukumomi ma suna da nasu. Gasar kokawa da dambe ta kaka a tsakanin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, mai rajistar ’yan wasa da auna nauyi da ma’aikacin lafiya a gefe da dokar hutu bayan kisa, ba ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma da masarauta da ma’aikatar wasanni ta jiha ba. Haka nan sa kokawa da tekwando da judo a makarantun sakandare, yadda yaro zai sami horon ba tare da ya bar aji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bana ma, da zarar an gama kaka, motoci za su cika a tashar Birniwa da ta Malam Madori da ta Haɗeja. A cikin fasinjojin akwai wanda ya cusa ƙyalle da zare a ƙasan jakarsa bai gaya wa kowa ba. Kafin motar ta tashi, ya kamata a sami wani babba da zai tambaye shi wurin wa zai sauka.